Batirin tafi-da-gidanka: Lissafin caji da kula da shi a arewacin Zamfara

A garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi na arewacin jihar Zamfara, ɗan ƙaramin batirin nan da ake ɗura wa wuta a ajiye domin cajin wayar salula, wanda jama'a suka fi sani da fawa bank, ya shiga sahun kayan da ba a raba matafiyi da su.

Sai dai ƙorafin da aka fi yi a kansa iri ɗaya ne a ko'ina. Mutum ya sayi wanda aka rubuta wa lamba 20,000, wayarsa kuma tana da 5,000, ya yi lissafin zai cika ta sau huɗu, amma kafin ya kammala na uku batirin ya mutu.

A wasu lokutan jabu aka sayar masa. A mafi yawan lokuta kuwa batirin lafiyarsa lau, lissafin ne ya zo da kuskure tun daga tushe.

Dalilin dogaro da shi

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan ne a shekara ta 2001, amma wutar da za a riƙa caja ta ba ta biyo ta da irin wannan hanzari ba. A shekara ta 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su haɗe da babban layin wutar lantarki na ƙasa.

Jihar Zamfara tana samun wutarta ne ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin arewacin jihar ba su da turakun wuta, inda suke da su kuma ba kullum ake ganin hasken ba. A watan Oktoba na shekara ta 2024, sassa masu yawa na arewacin Nijeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna.

Wannan giɓi ne shagunan caji suka cike, da ɗan janaretonsu ko farantin sola. To amma su ma ba su tsira daga halin da yankin ke ciki ba. A shekara ta 2021, a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako tare da hana sayar da fetur a jarka, sa'annan a farkon watan Satumba aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, matakin da ya ɗauki watanni kafin a janye shi a wajen Gusau. A maƙwabciyar jihar Katsina har sana'ar cajin waya aka haramta a wasu ƙananan hukumomi a wannan lokaci. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin caji ya bi ta.

A irin wannan yanki waya ba kayan ado ba ce. Da ita direba ke tambayar lafiyar hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi kafin ya tashi, da ita ake sanar da ƙauye na gaba idan an ga abin da ba a yarda da shi ba, da ita kuma mai sana'ar POS ke neman abincinsa. Saboda haka sanin awa nawa batirin ajiya zai ɗauka ba ƙaramin al'amari ba ne.

Abin da lambar take nufi

Babbar lambar da ake bugawa a jikin fawa bank tana zuwa ne da haruffa uku, mAh. Ma'auni ne na yawan cajin da ƙwayoyin batirin da ke ciki za su iya riƙewa. To amma wannan lamba ita kaɗai ba ta faɗin yawan aikin da batirin zai yi, sai an haɗa ta da ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt.

Tamkar a ce wa mutum an auna masa hatsi kwano goma ne, ba tare da an faɗa masa ko da mudu aka auna ko da tiya ba.

Ƙwayoyin batirin litiyam da ke cikin fawa bank suna aiki ne a kan kimanin bolt 3.7. Idan aka ninka lambar mAh da 3.7, sa'annan aka raba da 1,000, za a samu ainihin ƙarfin da ke ajiye, wanda ake rubutawa da haruffan Wh, wato wat a awa guda. Mai 10,000 yana da Wh 37, mai 20,000 yana da 74, mai 30,000 kuma yana da 111. Kamfanonin da ke mutunta kansu sukan buga wannan lamba da ƙananan haruffa a bayan batirin, kuma ita ce ta fi cancanta mai saye ya nema.

Daga nan ne asara ke farawa. Ƙofar da ake soka igiyar caji tana fitar da wuta ne a kan bolt 5 ko fiye, don haka dole wata 'yar na'ura a ciki ta ɗaga wutar daga 3.7 zuwa 5. Wannan aiki yana cin nasa rabon, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wanda ke fita a matsayin zafi. Ɗumin da ake ji a tafin hannu yayin caji, wuta ce da aka biya kuɗinta take tafiya a iska.

Igiyar ma tana cin nata, musamman idan siririya ce, ko doguwa, ko mai arha. Da wutar ta isa cikin waya kuma sai a sake sauko da ita zuwa daidai batirin wayar, a nan ma a yi wata asarar.

Kashi biyu cikin uku

Idan aka tattara waɗannan asarori, abin da ke shiga batirin waya daga sabon fawa bank mai kyau bai cika wuce kashi biyu cikin uku na lambar da ke jikinsa ba. Duk wanda ya taɓa kai buhun shinkafa shanshera inji ya san wannan lissafi: abin da ke dawowa gida bayan an fitar da ɓuntu da dusa bai kai abin da aka kai ba, kuma babu wanda ya yi sata.

Don haka mai 10,000 zai bayar da kusan 6,600. Wayoyin zamani da suka fi yawa a kasuwannin arewa, irin su Tecno da Infinix da itel, da dama daga cikinsu batirinsu 5,000 ne. Ke nan cikawa ɗaya ce da sulusi, ba biyu ba. Mai 20,000 zai bayar da kusan 13,000, wato cikawa biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Ƙaramar waya mai madannai, wadda batirinta bai wuce 1,000 ba, za ta iya cika sau goma sha biyu ko sha uku daga wannan batiri, ita kuma kowace cikawa takan kai ta kwanaki.

Wannan ne ya sa ga wanda zai yi mako guda a ƙauyen da babu wuta, ƙaramar waya da matsakaicin fawa bank sun fi babbar waya da ƙaton batiri amfani. Abu guda da za a lura da shi shi ne, wasu fawa bank sukan kashe kansu idan abin da aka jona musu ba ya jan wuta sosai, domin suna ɗauka an cire shi ne. Yana da kyau a gwada tun a gida.

Lissafin yana ƙara raguwa idan ana amfani da wayar yayin da take caji, domin wani ɓangare na wutar yana tafiya ne kai tsaye wajen haska fuskar wayar da jan intanet. Haka nan inda layin sadarwa ke da rauni, kamar yadda yake a ƙauyukan Zurmi da ke kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, waya takan ƙara ƙarfi wajen neman layi, batirinta ya ƙare da wuri. Inda aka tabbatar babu layi kwata-kwata, kashe wayar ko sanya ta a yanayin jirgin sama ya fi kowace dabara tanadi.

Fanka, fitila da kwamfuta

Ga kayan da ba su da batirin kansu, irin su 'yar fanka ko ƙwan fitila mai igiyar caji, lissafin ya fi sauƙi, domin asarar sau ɗaya ce. A ɗauki lambar Wh, a cire kimanin kashi 15 cikin 100, abin da ya rage a raba shi da wat ɗin da kayan ke ja. Amsar ita ce yawan awoyi.

Mai 20,000 yana da Wh 74. Bayan an cire asara ya rage kimanin 63. Fanka mai jan wat 5 za ta yi awa goma sha biyu da rabi. Ƙwan fitila mai wat 3 zai yi awa 21. Idan aka jona su tare, wat 8 ke nan, za su yi ƙasa da awa takwas, kuma babu abin da zai rage wa waya da safe.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da sauran masu aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, nasu lissafin daban ne. Batirin irin wannan kwamfuta yakan kai Wh 50 ko kusa da haka, don haka mai 20,000 cikawa ɗaya kacal zai yi mata. Ko hakan ma sai idan an ƙera shi da ƙofar da ke fitar da wuta mai ƙarfin da kwamfutar ke buƙata, abin da ƙananan fawa bank masu arha ba su da shi.

Tsawon lokacin cikawa

Akwai wani lissafin da masu saye suka fi mantawa da shi, alhali a inda wuta ke zuwa ta ɗauke shi ne ya fi muhimmanci: awa nawa batirin ke buƙata kafin ya cika.

Caja ta yau da kullum mai bayar da wat 10 za ta ɗauki kimanin awa tara kafin ta cika mai 20,000. Tsohuwar caja mai wat 5 za ta ɗauki kusan ninkin haka. Mai wat 18 za ta gama cikin awa biyar zuwa shida, idan har batirin yana karɓar caji mai sauri.

Ma'ana, idan aka kawo wuta ta yi awa uku ta tafi, mai caja ta wat 10 ya samu kusan sulusin batirinsa ne kawai. Haka wanda ya kai nasa shagon caji da hantsi ya karɓa da azahar, zai iya ganin 'yan fitilu biyu ko uku suna ci ya ɗauka ya cika. Fitilu huɗun nan ƙiyasi ne kawai suke yi, kowace tana wakiltar kusan rubu'i. Sayen batiri mafi girma ba tare da caja mai ƙarfi ba, kamar gina babban rumbu ne ga mai ƙaramar gona.

Dangane da fawa bank masu ɗan farantin sola a bayansu kuwa, farantin bai cika bayar da fiye da wat ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Da wannan ƙarfi, cika mai 20,000 zai ci kusan mako biyu na shanya a rana, kuma shanyar kanta illa ce ga batirin. Faranti mai zaman kansa na wat 20, wanda za a ɗora a rana a jawo igiyarsa zuwa inuwa, zai yi aikin cikin yini ɗaya zuwa biyu. A lokacin hunturu sai an riƙa goge ƙurar da ke kwanta masa, domin tana rage abin da yake samarwa.

Yadda ake gane jabu

Lambar da ke jikin kwali ba ta da tsada wajen bugawa. Abin da ba a iya ƙaryarsa da sauƙi shi ne nauyi.

Ƙwayar batirin litiyam mai siffar gora da ake yawan jerawa a cikin fawa bank, mai tsawon milimita 65 da kaurin 18, nauyinta ya kusa giram 50, kuma mafi ingancinta ba ta wuce kimanin mAh 3,500 ba. Saboda haka mai 10,000 na gaskiya yakan kai giram 200, wato nauyin babbar waya. Mai 20,000 yakan kai giram 350 zuwa 500. Mai 50,000 na gaskiya kuwa ya doshi kilo guda. Duk wanda aka rubuta wa 50,000 amma yana shiga aljihun riga ba tare da ya ja ta ƙasa ba, ƙarya yake ɗauke da ita.

Sai dai nauyin ma shaida ce ta gefe guda. Rashinsa yana tona asirin jabu, amma samunsa ba ya tabbatar da na gaskiya, domin an sha buɗe wasu a tarar da ƙwaya ɗaya ce ke aiki, sauran an cika su da yashi.

Gwajin da ya fi tabbas ana yin sa ne a gida. A cika batirin, sa'annan a riƙa cajin waya guda da aka san girman batirinta, ana rubuta kashi nawa aka ƙara mata a kowane karo, har fawa bank ɗin ya mutu. Ɗaga waya mai 5,000 daga kashi 20 zuwa 100 daidai yake da 4,000. Idan jimillar sabon mai 20,000 ta kai 12,000 ko fiye, ya cika alƙawari. Idan ta tsaya a 6,000 ko 7,000, to mai 10,000 ne aka sauya wa riga.

Ba ƙarancin caji ne kaɗai aibin jabu ba. Fawa bank na gaskiya yana da na'urar tsaro da ke yanke wuta idan ya cika, ko ya yi ƙasa da yawa, ko ya ɗauki zafi. A nan ne masu yin jabu suka fi rage kashe kuɗi.

Zafin bazara

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma ya jawo wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a 2019, ba ya dawwama. Galibin irin da ake sanyawa a fawa bank yakan yi cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kimanin kashi 80 cikin 100. Ga mai amfani da shi kullum, shekara ɗaya ke nan zuwa ɗaya da rabi. Daga nan lissafin kashi biyu cikin uku yakan sauko zuwa rabi.

Wannan ƙiyasi an yi shi ne a kan yanayi mai matsakaicin zafi. Masu ƙera batirin sukan gargaɗi kada a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45 a ma'aunin salsiyos. A arewacin Zamfara kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40, balle cikin ɗaki mai rufin kwano, ko shagon kwantena, ko gaban gilashin mota, ko ƙarƙashin kujerar babur ɗin ɗan kabu-kabu. Batirin kuma yana ƙara nasa zafin yayin caji.

Zafi yana gaggauta lalacewar sinadaran da ke ciki, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Lalacewar ta fi sauri idan zafin ya samu batirin a cike maƙil.

Don haka a lokacin bazara an fi son a yi caji da dare ko da sassafe, a ajiye batirin a ƙasa a kan daɓe, a inda iska ke wucewa. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano dacewa da shi. Ba a tura shi ƙarƙashin matashi ko katifa yana caji, ba a haɗa shi da waya a ɗaure da roba su riƙa dafa juna, ba a kuma tara su da yawa wani kan wani kamar yadda ake gani a wasu shagunan caji. Jona masa waya alhali shi ma yana kan caji yana ninka zafin.

Shawarar da ta tsufa

Har yanzu akan ji mai shago yana cewa a bar sabon batiri a wuta awa takwas ko goma sha biyu kafin a fara amfani da shi, ko kuma a riƙa barin sa ya mutu murus kafin a sake caji. Wannan shawara ta zamanin wayoyin farko ce, irin su Nokia 3310, waɗanda da dama daga cikinsu ke amfani da batirin nikel. Ga batirin litiyam akasin haka ne. Ya fi son a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, kuma ƙarewa ƙarƙaf tana gajiyar da shi. Wanda aka bari a mace na tsawon watanni yana iya ƙin tashi har abada.

Masu ƙera batirin sukan ce idan za a ajiye shi na dogon lokaci, a bar shi a rabin caji, a kuma riƙa duba shi duk bayan wata uku. Shawara ce ingantacciya, amma an tsara ta ne domin mutumin da ke da tabbacin samun wuta duk lokacin da ya so. Magidancin da ke ƙauyen Zurmi ko Shinkafi, wanda ya ajiye batirin domin daren da za a buƙaci kira cikin gaggawa, ba shi da dalilin barin sa a rabi don ya ƙara masa 'yan watanni na rayuwa. A wurinsa gara a cika shi, a nema masa wuri mai sanyi.

Sauran abin da ya rage na kulawa kaɗan ne: caja mai kyau, igiya gajera mai kauri, kare shi daga ruwan damina da faɗuwa ƙasa, da raba shi da makullai ko tsabar ƙarfe a aljihu. Ƙurar da ta toshe ƙofar caji ana fitar da ita da tsinke, ba da allura ba.

Idan ya kumbura

Fawa bank da ya kumbura, ko ya fara tsagewa, ko yake wari, ko yake zafi alhali ba a jona shi da komai ba, ya gama aiki. Iskar gas ce ta taru a ciki. Ba a huda shi, ba a danne shi don ya koma daidai, ba a kuma sake sa masa wuta.

A fitar da shi waje a ajiye a kan yashi ko cikin bokitin ƙarfe, nesa da dangar kara da rumbu da jarkar fetur, inda yara ba za su kai gare shi ba. Wutar batirin litiyam tana tashi cikin daƙiƙoƙi, hayaƙinta yana da guba, kuma takan sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. Idan ƙarami ne ya kama, kuma ba ya jone da wutar bango, ruwa mai yawa yana sanyaya shi.

Haɗarin bai tsaya ga jabu ba. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta. A watan Janairu na 2025 wani jirgin saman fasinja na kamfanin Air Busan ya ƙone a filin jirgi a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma masu bincike sun nuna yatsa ga wani fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru.

Wannan ya shafi maniyyata aikin Hajji da Umra. Ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana sanya fawa bank a cikin jakar da ake aunawa a kai ƙasan jirgi, sai dai a riƙe shi a jakar hannu. Iyakar da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100, wato kimanin mAh 27,000. Mai 30,000 ya haura wannan iyaka. Wasu kamfanonin, kamar Emirates tun daga watan Oktoba na 2025, sun hana amfani da shi a cikin jirgi baki ɗaya.

Batirin dalma

Ba duk batirin da ake ɗauka a hannu ne na litiyam ba. Manyan tociloli da fitilu da fankoki masu caji, da batirin babur ko na mota da wasu ke jona wa fitila a gida ko a rumfar kasuwa, da yawansu na dalma ne da ruwan batir.

Lissafinsu iri ɗaya ne, sai dai lambarsu tana zuwa da haruffan Ah, kuma ba a raba ta da 1,000. Mai bolt 12 da Ah 7 yana da Wh 84. Mai bolt 12 da Ah 100 yana da 1,200. To amma batirin dalma ba ya jure a zuƙe shi fiye da rabi, don haka abin da za a yi lissafi da shi 42 ne da 600. Fanka mai wat 15 da ƙwai biyu masu wat biyar-biyar, jimilla 25, za su yi awa 24 a kan babban. Idan aka bi ta inbata aka jona talabijin da dikoda da babbar fanka masu jan wat 100 a haɗe, abin zai tsaya a kimanin awa biyar.

Kulawarsa ta saɓa da ta litiyam. Shi yana son zama a cike, kuma a mayar da shi caji da zarar an gama amfani da shi. Barin sa a mace na 'yan makonni yana sa wani farin gishiri ya daskare a kan farantansa, daga nan ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Wannan ne ke kashe yawancin fankoki masu caji da ake jefawa lungu bayan bazara, a ɗauko su baɗi a tarar sun mutu. Irin wanda ake buɗewa a ƙara wa ruwa, tataccen ruwa ake zuba masa, ba na rijiya ba, kuma a caja shi a inda iska ke shiga, nesa da wuta, domin yana fitar da iska mai kamawa.

Idan ya mutu kuma, 'yan gwangwan sukan saye shi saboda dalmar da ke ciki. A nan ne jihar Zamfara take da abin tunawa. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga batiri ba, amma gubar ɗaya ce. A unguwar Thiaroye da ke wajen birnin Dakar na ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 ne suka mutu sakamakon dalmar tsofaffin batura da aka daɗe ana fasawa a unguwar.

Ƙurar dalma tana zama a cikin ƙasar tsakar gida shekara da shekaru, kuma ƙananan yara masu rarrafe su ne suka fi kwasar ta. Saboda haka mataccen batirin dalma ana miƙa shi ne ga mai saye a rufe yadda yake, ba a fasa shi a gida ba, ba a zubar da ruwansa kusa da rijiya ba, ba a kuma narka dalmarsa a murhun da ake girki.